Daga Hannun 'Yan Gwangwan Zuwa Layin Farko: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Firinta

Tun da na jera tsofaffin injinan buga takarda a kan benci a ƙofar shagona da ke Jekadafari, tambayar da ake yi mini ɗaya ce: "Malam, na samu irin wannan a sito, yaya zan yi ta tashi?" Wasu ta waya suke tambaya, wasu kuma su ɗauro ta a buhu a bayan mashin. Da yawansu sun riga sun jona ta a wuta kafin su iso, sai ka buɗe buhun warin ƙauri ya tare ka. Shi ya sa na ga gara in rubuta matakan bi da bi yadda nake bin su. Ku lura tun yanzu, jona wuta shi ne mataki na biyar.

Injina iri uku nake nufi. Akwai firinta mai allura, irin Epson LX-300 da LQ-300 da LQ-2180 mai faɗi, waɗanda ake buga rasit mai kabon da su. Su ne suka fi yawa a nan Gombe, su ne kuma zan fi tsayawa a kansu. Akwai masu kibod a jikinsu, waɗanda mutum ke rubuta wa kwamfuta umarni ita kuma ta amsa masa a kan takarda, kamar DECwriter LA36 da Silent 700 ta kamfanin Texas Instruments. Sai kuma na ƙarfe zalla masu mota da giya, wato Teletype Model 33 da injinan teleks na ofisoshin da. Inda hanyarsu ta rabu zan faɗa.

1. Duba kafin ka yi ciniki

Wuri uku ake samun su: wurin 'yan gwangwan, gwanjon kayan ofis, da sitocin 'yan kasuwar da suka koma firintar zamani. Na gwanjo sun fi lafiya don a ɗaki suka zauna. Na 'yan gwangwan sun fi araha, amma galibi ruwan damina ya dake su. Ko ina ne dai kada ka yi cinikin biri a sama, hoton waya ba ya nuna tsatsa.

Fara juya bayanta ka karanta ɗan allon da ke manne kusa da inda wayar wuta ta shiga. In an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz, irin wutarmu ce. In ka ga 110 ko 115 ko 120V da 60Hz, don kasuwar Amurka aka yi ta. Nan take ka ɗauki maka ka rubuta 110 ɓaro-ɓaro a murfinta, domin ba kai kaɗai ne a gidan ba.

Sannan ka ɗaga ta. In ka ji ta sakayau, an riga an yashe cikinta: taransifoma da mota da wayoyi su ake fara cirewa saboda jan ƙarfen da ke ciki. Teletype 33 da ƙafarta ta haura kilo 30, LA36 ta haura 40, don haka in yaro ɗaya ya sungumo maka ita da hannu guda, kwanso ya kawo. Buɗe murfi ka ga ko hed na nan, wato kan da allurai ke ciki. Tura shi da hannu hagu da dama. Murɗa rola. Duba abin jan takarda mai haƙora da kuma mamurɗin gefe, don waɗannan robobi biyu su suka fi ɓata, kuma samun su daban ya fi samun wata firintar wuya. Daga ƙarshe ka sansana. Ƙura ba komai ba ce, amma zarnin fitsarin ɓera yana nufin akwai yiwuwar layukan fanel, wato allon da ƙananan kayan lantarkinta ke manne, sun cinye.

Bara na tsinci wata LX-300 a ƙarƙashin tarin fankoki. Yaron wurin ya ga na daɗe ina juya ta, sai ya ce, "Alhaji, wannan fa ba a kilo za a sayar ba, ta banki ce." Na ce, "To abokina, ɗora ta a sikeli mu ga nauyin bankin." Daga dubu 25 muka sauko dubu 9, ya kuma haɗa mini da wata irinta mai fasasshen murfi. Waccan ta biyun ita ta ciyar da ta farkon da bel da sifirin. In ka samu biyu iri ɗaya, kwashe duka.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ba wasu kaya ne masu yawa ba: sukudireba mai kan sita da mai faɗi, filaya mai tsinin baki, mitar awon wuta ta hannu, ƙarfen soda da dalma, burushin fenti sabo, tsohon burushin haƙori, audugar kunne, tsumma marar gashi, sifirit, kananzir kaɗan, man keken ɗinki, farin giris, da bulowa. Sai kwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, da mazauninsa. Kwan zamani ba zai yi wannan aikin ba. Ya yi wuyar samu, amma masu kiwon kaji sun san inda ake sayar da shi tunda da shi suke ɗumama 'yan tsaki.

Farashi yana bin dala, don haka lissafin da nake yi shi ne: duk abin da ka sayi injin, ajiye kwatankwacinsa don gyara. Fis da kafasita da sifirit da mai ba su taka kara sun karya ba, a wurin masu sayar da kayan rediyo za ka same su. Ribon, wato zaren nan mai tawada, da wayar haɗi su ne matsakaita. Abu biyu ne ke cin kuɗi, hed da sitef-dawun, wato na'urar rage ƙarfin wuta zuwa 110. Sabon hed yakan fi kuɗin da ka sayi firintar gaba ɗaya, kuma sau da yawa sai an aiko da shi daga Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, ga kuɗin mota a kai. In aka kai nan, sayen wata matacciyar firintar mai lafiyayyen hed ya fi sauƙi.

3. Buɗewa da shara

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ɗauki hoto. Kafin ka zare kowace waya, sake ɗauka. Notuna kuma ka zuba su a faranti daban-daban bisa inda suka fito, don wani dogo ne wani gajere, dogon kuwa in ya shiga ramin gajere fanel yake hudawa.

A tsakar gida ake wannan aikin, ba a ɗaki ba. Abin da za ka tarar ya danganta da inda ta kwana: ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar kwalta, ƙwan kyankyaso, busasshiyar tsaka a kan fanel ɗin wuta, fil da ƙusar sitefula. Na taɓa samun gidan zanzaro guda huɗu a jere a bayan rolar wata LQ-2180, ƙasar ta bushe ta riƙe giyar jan takarda gam. Da an kunna ta a haka, haƙoran giyar ne za su zube.

Share da burushi tukuna, sannan ka hura. Hattara: kada ka kai bakin bulowa kusa da ƙananan sifirin, kuma kada ka yi amfani da iskar mai faci, tana da ƙarfi kuma tana zuwa da ruwa. A LA36 da ire-irenta za ka ga soso manne a cikin murfi don rage ƙara. Ya riga ya ruɓe, kana taɓawa zai zama gari mai danƙo. Kankare shi kaf. Fanel ɗin da ɓera ya ɓata a wanke shi da sifirit da burushin haƙori, a bar shi ya kwana a inuwa. Rola kuma sifirit kawai. Fetur yana busar da roba ya tsattsaga ta, yana kuma cin farar robar murfi.

4. Sassauta abin da ya daskare

Dokar a nan ita ce duk abin da mota za ta juya, sai hannunka ya fara juya shi ba tare da ƙarfi ba.

A firinta mai allura aikin kaɗan ne. Goge sandar da hed ke gudu a kanta da sifirit har tsumma ya daina baƙi, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku, ka yi ta kai hed ƙarshe zuwa ƙarshe. A ƙarƙashin hed, inda ya rungumi sandar, akwai ɗan ƙyalle mai riƙe mai. Shi ma ɗigo ɗaya. Duba bel ko haƙoransa sun cika kuma bai saki ba. Giyoyin roba a goge tsohon giris a shafa sabo kamar ƙwayar gero. A ƙarshen hagu akwai ɗan idon da ke gaya wa firinta hed ya dawo gida, akwai wani kuma a hanyar takarda. Goge su da audugar kunne. In na farkon ya toshe, hed zai yi ta dukan bango yana gurnani. In na biyun ne, za ta yi ta kukan babu takarda alhali ga takarda a ciki.

Hattara da mai. Ba baƙin mai, ba man gyaɗa, ba man shafawa. Man feshin nan na kwance tsatsa ma don kwancewa aka yi shi, in ya bushe sai ya bar danƙo. Yawan mai kuwa a garin nan gayyatar ƙura ne.

Teletype da teleks su ne masu cin lokaci, mako guda ba abin mamaki ba ne. Ɗaruruwan ƙananan sanduna da sifirin ne, kowanne tsohon giris ya riƙe shi. Burushin haƙori da kananzir, sashe-sashe, kana gogewa kana ɗiga mai a kowace gaɓa. Kada ka tsoma injin gaba ɗaya a kananzir, mota da nannaɗaɗɗun wayoyi ba sa so. Kuma kada ka taɓa notunan saiti. Wani dattijo da ya yi aikin teleks shekaru, wanda nake kai wa duk abin da ya gagare ni, ya taɓa kama ni da sukudireba a kan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ya kwance?" Na ce, "Baba, gani na yi kamar ya karkace." Ya ce, "Haka aka saita shi tun ba a haife ka ba. Wanke shi ka bar shi." Gaskiyarsa. Yawancin abin da ake zaton saiti ne ya goce datti ne kawai, murɗa notin kuma gyaran gangar Auzinawa ne, ka wayi gari da matsala biyu.

Abu ɗaya tilas a Teletype 33: akwai 'yar guduma mai kan roba da ke dukan gangar haruffa. Robar nan ta riga ta narke ko ta farfashe. In ka kunna a haka, ƙarfe zai doki ƙarfe ya daddage haruffan, kuma gangar ba ta da madadi a kusa. Sauya robar tukuna. Guntun tiyon roba mai kauri da ya matse kan gudumar yana yi. Bayan nan ka juya fankar motar da hannu ta wajen da take juyawa, ka ga komai na tafiya.

5. Wuta

A nan ake kashe yawancinsu, don haka zan tsaya sosai.

Tana zare daga wuta, auna fis da mita. In ya ƙone, kada ka yi murna cewa ka gano matsalar, wani abu ne ya ƙona shi. Kada kuma ka ɗaure shi da zaren waya ko takardar sigari. Sa mai lamba daidai da wanda ka cire.

Kusa da inda wuta ke shiga, nemi wani ɗan kafasita mai kusurwa huɗu, ruwan zuma, jikinsa kamar gilashi. A injinan shekarun 1970 da 1980 galibi za ka ga an rubuta RIFA. In ka ga tsaga a jikinsa, ko ma ba ka gani ba, cire shi ka sa sabo mai alamar X2. In ka bar shi zai yi aiki minti kaɗan sannan ya fashe da farin hayaki mai warin da ke kwana a ɗaki. Sauran kafasitocin masu kama da gwangwani, duk wanda kansa ya kumbura ko ya yi yoyo a gindi a sauya shi: lambar ƙarfi iri ɗaya, bolt daidai ko sama, ƙafar da aka yi wa layi ta koma inda ta fito. Juya ƙafafu kuskure ne da ko gwanaye suna yi in sun gaji.

Hattara: babban kafasitan da ke ɓangaren wuta yana riƙe abin da ya haura bolt 300 bayan an zare fulogi. Auna shi kafin ka kai hannu. In da saura, sauke shi ta kwan fitila, ba da bakin sukudireba ba.

Yanzu gwajin kwan fitila. Samu guntun waya mai fulogi da soket, ka yanke layin wuta guda ɗaya ka ratsa kwan nan mai zare a tsakani, yadda wutar sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa injin. Jona firinta a soket ɗin ka kunna. In kwan ya yi haske sau ɗaya ya dushe, alama ce mai kyau, kafasitoci ne suka sha suka ƙoshi. In ya tsaya da haske tar, akwai gajeriyar hanya a ciki, kashe ka koma bincike. Kwan ya ɗauke dukan da fanel zai sha. Wannan gwajin na 'yan daƙiƙu ne, ba a buga takarda a kansa, kuma injina masu babbar mota za su haska kwan ko da lafiyarsu ƙalau, don haka a cire wayar motar kafin a gwada.

Mai 110 sai da sitef-dawun wanda wat ɗinsa ya ninka abin da aka rubuta a bayan injin. Ni kaina na taɓa kashe wata Silent 700 a kan wannan. Na karanta allon, na sani sarai, aka kira ni waya, na dawo na cusa fulogin a bango. Ƙara ɗaya ta yi. Tun daga ranar nake ɗaure fulogin mai 110 a jikin sitef-dawun ɗinsa da salatif.

Amma sitef-dawun bolt kawai yake ragewa, ba ya mai da 50Hz ta koma 60. Firinta mai allura ba ruwanta da wannan. Teletype kuwa motarta da bugun wutar take tafiya, don haka wadda aka yi don 60Hz za ta yi gudu kashi biyar cikin shida a wutarmu. A kan kanta za ta yi rubutu daidai, amma da ka haɗa ta da kwamfuta sai shirme. Maganin shi ne giyar 50Hz, ko inbata mai fitar da 110 a 60Hz mai tsabtataccen bugu. Saboda wannan dalilin dai ƙaramin janareta bai dace da ita ba, gudunsa yana hawa yana sauka. Ga sauran kuma, sa sitabilaiza a tsakani, kowa ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke.

6. Bari ta gwada kanta

Kada ka kawo kwamfuta tukuna. In ka haɗa kuma ba ta buga ba, ba za ka san ko laifin firinta ne ko waya ko saiti ba.

A LX-300 da 'yan gidansu: sa ribon, sa takarda, danne maɓallin LF/FF, ka kunna kana riƙe da shi. Za ta fara zubo haruffanta layi bayan layi. Masu kibod suna da maɓalli ko mamurɗi da aka rubuta LOCAL. Kai shi can, duk abin da ka danna ya fito a takarda. In ka kai Teletype kan LINE ba a haɗe da komai ba, za ta yi ta kakkarwa ba ta buga komai. Ba lalacewa ba ce, layi take nema.

Hattara guda uku a nan. Kada ka buga ba ribon ko ba takarda, allurai za su ci rola su kuma dakushe. Kada ka tura hed da hannu ko ka murɗa mamurɗin rola tana kunne. Hed kuma yana zafi bayan aiki, bar shi ya huce.

Takardar da ta fito ita ce takardar asibitinta, karanta ta da kyau. Rubutu ya yi fari ko'ina daidai: ribon ya bushe, ko sandar tazarar hed tana kan lamba babba. Sandar nan tana gefe, ƙaramar lamba don takarda ɗaya, a ƙara ta in takarda mai kabon ce. Rubutu ya fara da kyau yana dushewa: ribon ba ya zagayawa, duba giyar da ke juya shi. Layuka suna hawa kan juna: rola ta yi santsi ko giyar jan takarda ta karye. Gefen hagu yana gocewa: bel ya saki ko sandar ta bushe. Farin zare ya ratsa dukkan haruffa a wuri ɗaya: allura ɗaya ba ta fita, sai mataki na gaba.

7. Hed da ribon

LX tana da allura 9, LQ tana da 24. Allura takan ƙi fita don ɗaya daga cikin abu huɗu, kuma daga mai araha ake farawa.

Na farko datti. Cire hed, zuba sifirit a murfin kwalba, ka tsoma bakinsa kawai, tsawon ƙwayar shinkafa, ya jiƙa kamar rabin awa. Za ka ga tsohuwar tawada na narkewa. Kada sifirit ya kai bayansa inda wayoyi suke. Ya bushe, mayar, sake gwaji. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa.

Na biyu wayar nan mai faɗi da ke bin hed duk inda ya je. Shekaru tana lanƙwasa, layi ɗaya kan tsinke a ciki ba a gani. Auna kowane layi da mita kana lanƙwasa ta a hankali.

Na uku nannaɗin da ke harba allurar. Auna su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata duk su ba da lamba kusan ɗaya. Wanda bai nuna komai ba ya tsinke. Wanda ya nuna ƙasa da 'yan uwansa sosai ya haɗe, kuma shi ne mugun, domin yakan ƙona taransistan da ke tura shi a kan fanel. Hattara sosai a nan: taransistan da ya ƙone shi ma yana ƙona sabon hed. Mutum ya kashe kuɗi daga Kano, ya ɗaura, minti ɗaya ya koma gidan jiya. In ka samu nannaɗin da ya haɗe, auna taransistocin kafin ka ɗaura wani. Haka kuma kada ka ɗauki hed ɗin da ba ka auna ba ka gwada a lafiyayyar firinta, garin neman gira a rasa ido.

Na huɗu allurar ta karye. Haska bakin hed da tocila, za ka ga rami ɗaya babu kai. Akwai masu sauya allura ɗaya, amma aikin mai gyaran agogo ne. Ni dai hed nake sauyawa.

Ribon na LX-300 lambarsa 8750, na LQ-300 kuma 7753. Sun yi kama ƙwarai, amma zaren na 24 ya fi laushi da matsi, don haka kada ka sa na LX a LQ, siraran allurai sukan maƙale. Ribon da ya yage ko ya yi gashi a yar da shi, shi ke karya allura. Kuskuren da na fi gani shi ne zuba tawadar hatimi a busasshen ribon. Ta ruwa ce, tana sa allurai tsatsa. Tawadar ribon ta mai ce, ita ce ma ke shafa wa allurai mai suna aiki. Teletype 33 kuwa ribon ɗin tafireta mai faɗin rabin inci yana yi mata, muddin yana da 'yan ƙarafan nan a ƙarshensa masu sa shi juyawa baya. Tambayi masu buga takardu a bakin kotu inda suke saye. Silent 700 ba ta da ribon sam, takarda mai jin zafi take ci, naɗin takardar injin fas ya wadatar. Kada dai ka bar shi a mota a watan Afrilu, zai yi baƙi tun ba a buga komai ba.

8. Haɗawa da kwamfuta

Duk haɗin waya, injin a kashe ake yin sa.

Leƙa bayanta. Babban baki mai ƙugiyar waya biyu a gefe, mai haƙora 36, shi ne faralel. Kwamfutocin yanzu ba su da irinsa, sai ka sayi waya mai USB a ɗaya kan. A Windows za ta fito da suna USB001, ka zaɓi direban Epson na samfurin, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, ko Generic / Text Only in rubutu zalla kake so. Tsofaffin manhajojin lissafi na zamanin DOS su LPT1 suka sani, sau da yawa ba sa ganin wannan wayar, don haka tsohuwar kwamfutar tebur mai bakin faralel na asali ta fi musu.

Baki mai ramuka 25 kuwa siriyal ne, shi masu kibod suke amfani da shi. Fil na 2 ke aikawa, na 3 ke karɓa, na 7 shi ne ƙasa. Tunda kwamfuta da injin duk masu magana ne, sai an gicciya, aikawar wannan ta shiga karɓar wancan. In komai ya yi tsit, wannan za ka fara zargi. Sai gudu: LA36 bawud 300, wato harafi 30 a daƙiƙa, Silent 700 ma haka. Teletype 33 bawud 110, harafi 10 a daƙiƙa, da alamar tsayawa biyu, kuma manyan baƙaƙe kawai take bugawa, 72 a layi. Ka saita wannan a kwamfuta, a manhajar PuTTY ko Tera Term. In haruffa na fitowa amma shirme ne, gudun ne bai daidaita ba. Ba kowace wayar USB zuwa siriyal ke iya sauka 110 ba. Mai ƙwaƙwalwa samfurin CH340 a ciki tana iyawa, kuma ita ce ma mai arahar.

Hattara: Teletype 33 ba siriyal irin na kwamfuta take ji ba, zagayen wuta ne na miliam 20, wasu LA36 ma haka aka haɗo su. Teleks kuma nasa zagayen ya fi ƙarfi, ga bawud 50, ga tsarin haruffa mai ɗigo biyar da sai an fassara masa. In ka haɗa ɗayansu kai tsaye, ƙona wayar USB ɗin ne mafi sauƙin abin da zai faru. Sai an sa ɗan fanel a tsakani mai raba wutar ɓangarorin biyu da haske. Mai gyaran rediyo da ya iya karanta zane zai haɗa maka shi a yini ɗaya.

In rubutu ya fito kamar matakala, kowane layi na farawa daga inda na sama ya tsaya, kwamfuta tana aika umarnin sauka ne ba tare da na komawa farko ba. In kuma layuka suna tsallake ɗaya, umarnin sauka sau biyu yake zuwa, kashe na firinta ko na kwamfuta. Teletype tana son a aika komawa tukuna sannan sauka, don kan nata ya samu lokacin isowa, in ba haka ba harafin farko a tsakiyar takarda zai faɗi.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Haruffan da aka gina a cikin injinan nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. In ka aika rubutu zalla, inda ƙugiya take sai ka ga alamar tambaya ko wani baƙon harafi. A firinta mai allura mafita tana nan: bi ta direban Epson, shi yana aika shafin a matsayin zane, ƙugiyoyi su fito cif, sai dai ta fi jinkiri. A Teletype da LA36 babu wannan hanyar, sai ka koma dabarar masu tafireta, k' da d' da b'.

9. Ajiya

Ɗinka mata riga da yadi mai kauri. Leda tana tara gumi da damina. Kada ta zauna a ƙasa saboda gara da ruwa, kuma ka toshe manyan ramukan baya da ragar sauro saboda zanzaro da tsaka. In za ta daɗe ba aiki, cire ribon ka ƙulle shi a leda. Sau ɗaya a wata ka kunna ta ta buga shafi guda don mai ya zagaya, da hunturu kuma ka goge sandar hed kafin ka kunna. Takardar gwajin farko da ta fito daidai, rubuta kwanan wata da bolt da bawud da abin da ka sauya a bayanta, ka ninke ka manna a cikin murfi da salatif.